Tsinke, Sanda, Mai Allo ko Gwajin Jini: Wanne Ya Dace da Ke Wajen Gwajin Ciki?

Mace ta yi ɓatan wata, ko kuma ranar al'adarta ta matso tana jin jikinta ba yadda ta saba ba. Ta je neman abin gwaji, ko ta aiki maigida, sai a tarar da su kala-kala: ga siririn tsinke a cikin 'yar leda, ga mai kama da kaset da ake ɗiga masa fitsari, ga sanda mai murfi, ga wanda yake rubuta sakamako a ɗan allo. Ga kuma masu cewa a bar duk wannan wahala a je asibiti a ɗebi jini. Kusan kowane kwali an rubuta masa kashi 99 cikin 100, amma kuɗin wani ya ninka na wani sau da yawa. To, me ake saye da wannan ƙarin kuɗin?

A ganina, ranar da kika yi gwajin ta fi abin da kika yi gwajin da shi tasiri a kan sakamakon. Idan ranar al'ada ta wuce da mako guda ba ta zo ba, tsinke mafi araha da sanda mafi tsada magana ɗaya za su faɗa miki. Bambancinsu yana fitowa ne a kwanakin farko-farko, da kuma wajen sauƙin karantawa. Amma sai an san abin da suke nema a cikin fitsarin kafin wannan magana ta zauna.

Abin da dukkansu suke nema

Bayan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, ba nan take jiki yake ba da alama ba. Sai ƙwan ya gangaro ya maƙale a bangon mahaifa, sannan ƙwayoyin da za su zama mabiyiya su fara fitar da wani sinadari da ake kira hCG. Shi ne kaɗai abin da tsinke, sanda, mai allo da gwajin jini suke farauta. Maƙalewar nan tana faruwa tsakanin kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai, galibi a kwana na 8 zuwa na 10. Kafin ta faru, babu wani gwaji a duniya da zai ga ciki, komai tsadarsa.

Da zarar hCG ya fara fita, yakan ninka kansa kusan duk bayan kwana biyu zuwa uku a makonnin farko, ya kai ƙololuwa wajen mako na 8 zuwa na 11, sannan ya sauko. Wannan ninkawar ce ta sa gwajin da bai nuna komai ba ranar Litinin zai iya fito da layi biyu ranar Alhamis. Ana auna yawansa da ma'aunin mIU/ml, kuma za ki ga wannan rubutu a jikin kwali ko a takardar ciki. Idan an rubuta 25, sai sinadarin ya kai 25 kafin gwajin ya gan shi. Idan an rubuta 10, ya fi kaifi ke nan. Ƙaramar lamba ita ce mai kaifi, kuma nan ne mutane da yawa suke juya lissafin.

Akwai kuma matsalar da ba ta kwali ba ce, ta jikin mace ce. Ƙwai ba ya fita rana ɗaya a kowane wata, ko da ga mai daidaitacciyar al'ada. Wani bincike da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2001 ya gano cewa kusan kashi 10 cikin 100 na cikin da suka bibiya bai ma riga ya maƙale a mahaifa ba a ranar farko ta ɓatan wata. Bayan mako guda kuwa, kusan kashi 97 sun maƙale. Wato mace ɗaya cikin goma masu ciki za ta iya yin gwaji a ranar da al'ada ta ƙi zuwa, ya ce babu, alhali akwai, kuma ba laifin abin gwajin ba ne.

Maganar kashi 99 cikin 100

Wannan adadi ba ƙarya ba ne, sai dai yana da sharaɗi. Ana samun sa ne a ɗakin gwaje-gwaje, da fitsarin da aka san yawan hCG ɗin da ke ciki, kuma kamfanonin da kansu suna cewa daga ranar da ake sa ran al'ada yake aiki. A 2004 wani mai bincike, Laurence Cole, da tawagarsa sun gwada nau'i 18 da ake sayarwa a lokacin. Sun lissafa cewa sai gwaji ya iya ganin kusan 12.5 mIU/ml kafin ya kama kashi 95 na masu ciki a ranar ɓatan wata, kuma guda ɗaya tak cikin 18 ɗin ya kai wannan matsayi. Wani nazari na 1998 ya nuna wani abin daban: idan aka ba mutane fitsarin wasu su gwada, suna kama kusan kashi 91 na masu ciki, amma idan mace ce take gwada nata a gida, adadin yana sauka zuwa kusan kashi 75. Kayan gwaji sun inganta tun daga lokacin, amma dalilin wannan tazara yana nan: gaggawa, rawar hannu, da ƙin karanta takardar da ke cikin kwali.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko shi ne kaifi, wato daga yaushe gwajin yake fara gani. Na biyu sauƙin amfani da sauƙin karanta sakamako, domin gwajin da ya yi daidai amma aka karanta shi ba daidai ba bai amfana komai ba. Na uku kuɗi, kuma a nan kada a duba kuɗin guda ɗaya kawai, a duba sau nawa za a maimaita. Na huɗu ajiya: yaya yake jure zafi da danshi, kuma yaushe yake lalacewa. Na biyar haɗarin ruɗi. Sirri da saurin samun amsa su ma suna da nauyi ga wasu, za su fito a inda suka dace.

Tsinke

Siririn yanki ne mai ɗan layi a ƙasa da aka rubuta MAX a kai. Ana tara fitsari a wani tsaftataccen mazubi busasshe, a tsoma tsinken na 'yan daƙiƙoƙin da takardar ta ce ba tare da fitsarin ya haura layin nan ba, a kwantar da shi a wuri mai shafe, a jira minti uku zuwa biyar. Layi ɗaya na sama yana nufin gwajin ya yi aiki kuma bai ga ciki ba. Layi biyu ciki ne. Idan layin sama bai fito ba sam, gwajin ya lalace, ko me ya nuna a ƙasa.

Yawancinsu 25 mIU/ml ne, akwai kuma masu 10. An ce araha ba ta ado, amma a nan karin maganar bai ci ba: irin fasahar da ke cikin tsinke ita ce a cikin sandar da ta fi shi tsada, roba kawai aka lulluɓa mata. Amfaninsa babba shi ne ana iya sayen da yawa a maimaita bayan kwana biyu ko uku ba tare da jin asara ba, kuma maimaitawa ita ce maganin mafi yawan shakku.

Rauninsa a wajen karantawa ne. Tsinken siriri ne, layin na biyu a kwanakin farko yana iya zama dishi-dishi har sai an kai shi gaban haske ana ƙanƙance ido. Haka kuma shi ya fi saurin lalacewa idan ledarsa ta huje ko ta sha zafi. Sannan akwai wani kuskure da ke faruwa fiye da yadda ake zato: tsinken gwajin fitar ƙwai, wanda aka rubuta masa LH, kamarsu ɗaya da na ciki. Shi wancan layi biyu a jikinsa ba ya nufin ciki, domin mace tana da ɗan sinadarin LH a jikinta kusan kullum. A duba ledar a tabbatar hCG aka rubuta.

Na ɗigawa

Tsinke ne aka sa a cikin ɗan gida na roba mai taga, da ƙaramin rami da ake ɗiga fitsari a ciki da 'yar robar da ke zuwa tare da shi. An rubuta C da T a gefen tagar, don haka ba a rikita layin tabbatarwa da layin ciki. Irinsa ake yawan amfani da shi a asibitoci. Kaifinsa daidai yake da na tsinke, kuɗinsa ya ɗan ɗara kaɗan. Kuskuren da aka fi yi da shi shi ne ambaliya: a tuttula masa fitsari fiye da ɗigon da aka ce, ko a ɗiga a tagar karantawa maimakon ramin. In ban da wannan, ba shi da wata matsala tasa ta daban.

Sanda

Ita ce wadda ake cire murfi a tara bakinta ga fitsari kai tsaye na 'yan daƙiƙoƙi, ko a tsoma ta a mazubi idan an fi so. Kamfanin Unipath na Birtaniya ne ya fito da irinta ta farko a 1988 da sunan Clearblue One Step. Kafin nan, kayan gwajin gida na shekarun 1970 kwalba ce da sinadarai, kuma sai an jira awa biyu ba tare da an girgiza ta ba.

Sanda iri biyu ce, kuma ya kamata a raba su. Akwai ta yau da kullum mai 25 mIU/ml, wadda ba ta fi tsinke gani ba, tsafta da faɗin taga kawai ake biya. Akwai kuma ta gwajin wuri, irin su First Response Early Result da Clearblue Early Detection, masu ganin 10 mIU/ml ko ƙasa da haka, waɗanda ake tallata cewa suna iya gani kwana biyar kafin ranar al'ada. Wannan gaskiya ne ga wasu matan. Alƙaluman kamfanonin da kansu sun nuna cewa a wannan rana ta farko kusan uku cikin huɗu na masu ciki ake kamawa, sai adadin ya yi ta hawa yayin da ranar ke matsowa. Saboda haka idan ta ce akwai, ki yarda da ita. Idan ta ce babu kwana biyar kafin lokaci, ba ta faɗa miki komai ba tukuna.

Ga wani abu da ba a rubuta shi a kwali ba. Ciki da yawa yana maƙalewa ya fara fitar da hCG, sannan ya zube cikin 'yan kwanaki, jini ya zo a lokacinsa ko ya ɗan makara, mace ta ɗauka al'ada ce kawai. Binciken Wilcox na 1988 ya gano cewa kusan kashi 22 cikin 100 na cikin da suka gani ta hanyar auna hCG ya zube tun kafin a san da shi. Mai gwajin wuri tana ganin irin wannan cikin da idonta: layi biyu yau, jini bayan kwana huɗu. Gwajin bai yi ƙarya ba, kuma ba wani abu ta yi da ya jawo zubewar ba. Amma baƙin cikin na gaske ne, musamman ga wadda ta daɗe tana nema. Wannan shi ne kuɗin da ake biya na biyu a kan gwajin wuri, kuma gara mace ta san da shi kafin ta zaɓa.

Wajen ajiya, sanda ta fi tsinke jurewa saboda robar da ledar da aka rufe ta da su, amma zafi yana lalata ta kamar sauran.

Mai allo

Wannan yana rubuta amsar da kalmomi ko da alama, babu zancen ƙanƙance ido. Clearblue ta fito da shi a 2003. Idan aka fasa shi za a tarar da tsinke irin na kullum a ciki, da ɗan batir, da wata ƙaramar na'ura da ke karanta duhun layin a madadinki. Wato abin da ake saye shi ne hukunci: na'urar ce take yanke cewa layin ya isa ko bai isa ba. Ga wadda zuciyarta ke bugawa har ba ta yarda da idonta ba, ko miji da mata da suke jayayya a kan ko akwai layi na biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ne mafi tsada a kayan gida, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Da yawa daga cikinsu ba su kai sandar gwajin wuri kaifi ba, don haka ana iya ganin layi dishi-dishi a sanda, mai allo kuma ya ce babu a wannan safiyar. Batir yana iya mutuwa, allon yana iya nuna alamar kuskure idan fitsarin ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma a wasu nau'in rubutun yana gogewa bayan kwana ɗaya. Kada a fasa shi don a leƙa layukan ciki. Ba don ido aka yi su ba, kuma sukan ruɗa mutum.

Wasu suna ƙara lissafin makonni: 1–2, 2–3 ko 3+. Wannan ƙiyasi ne daga ranar shigar ciki. Likitoci kuwa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke ƙirgawa, don haka sai a ƙara kusan mako biyu. Yawan hCG ya bambanta sosai daga mace zuwa mace, saboda haka ba na ganin wannan lamba a matsayin abin da za a tayar da hankali a kansa idan ba ta hau yadda aka zata ba.

Gwajin jini

Iri biyu ne shi ma. Akwai mai cewa akwai ko babu kawai, wanda bai fi na fitsari mai kyau da yawa ba. Akwai kuma mai ba da lamba, kuma shi ne ainihin abin da ya bambanta asibiti da gida. Yana ganin hCG tun yana ƙasa da 5 mIU/ml. A ƙa'ida, ƙasa da 5 babu ciki, sama da 25 akwai, tsakani kuma sai an maimaita. Shan ruwa ba ya shafar sa, kuma yakan riga na fitsari gani da 'yan kwanaki.

Amfaninsa na gaske yana fitowa ne idan aka yi shi sau biyu da tazarar awa 48. Yadda lambar take hawa, ko tsayawa, ko sauka, yana taimaka wa likita ya gane ko cikin yana tafiya daidai, ko yana zubewa, ko kuma akwai zargin ya zauna a wajen mahaifa. Babu kayan gida da zai iya wannan. Rauninsa kuwa a fili yake: ya fi tsada, sai an je, sai an soka allura, sai an jira sa'o'i ko kwana, kuma wani ya san sirrinki. Ga lafiyayyar mace da ta yi ɓatan wata ba ta da wani ciwo, yawanci ba a bukatarsa.

Hoton ciki, wato sikanin, ba abokin takarar waɗannan ba ne, mataki ne na gaba. Wanda ake yi ta farji yakan fara ganin jakar ciki wajen mako na 5, bugun zuciya wajen mako na 6, wanda ake yi ta saman ciki kuma ya fi haka jinkiri. Wadda ta ruga sikanin kwana biyu bayan ɓatan wata za a iya ce mata ba a ga komai ba, ta koma gida da fargabar da ba ta da tushe.

| Nau'i | Yaushe ya fi aminci | Sauƙin amfani | Kuɗi | Ajiya | Inda ya fi ruɗarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsinke | Daga ɓatan wata | Sai da mazubi, layi siriri | Mafi araha | Ba ya jure danshi | Layi dishi-dishi, rikita shi da na LH |
| Na ɗigawa | Daga ɓatan wata | Sai an ƙirga ɗigo | Araha | Matsakaici | Zuba fitsari da yawa |
| Sanda ta kullum | Daga ɓatan wata | Mai sauƙi | Matsakaici | Mai kyau | Karantawa bayan lokaci |
| Sandar gwajin wuri | Kwanaki kaɗan kafin al'ada | Mai sauƙi | Mai ɗan tsada | Mai kyau | "Babu" na wuri, cikin da ke zubewa da wuri |
| Mai allo | Daga ranar al'ada | Mafi sauƙin karantawa | Mafi tsada a na gida | Batir na iya mutuwa | Lissafin makonni |
| Jini mai lamba | Kafin duk na fitsari | Sai an je asibiti | Ya fi na gida | Ba a ajiyewa | Fassara lamba ɗaya ba tare da likita ba |

Kurakuran da ba ruwansu da tsada ko araha

Idan gwaji ya ce babu alhali akwai, dalilin da ya fi yawa shi ne an yi shi da wuri. Na biyu shi ne fitsari ya tsinke saboda yawan shan ruwa, shi ya sa ake son fitsarin farko na safe a kwanakin farko. Bayan mako ɗaya ko biyu da ɓatan wata, kowane lokaci ma ya yi. Sai kayan da wa'adinsa ya ƙare ko ya daɗe a zafi. Yawancinsu ana so a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30, don haka cikin mota ko kusa da taga mai rana ba wurinsu ba ne, kuma ba a buɗe ledar sai lokacin amfani. Akwai wani yanayi da ba ya yawan faruwa: idan hCG ya yi yawa ƙwarai, kamar a cikin da ya yi nisa, sinadarin yakan cika tsinken har layin ya dushe ko ya ɓace. Macen da ta yi wata biyu ko uku ba al'ada, ga laulayi, ga gwaji yana cewa babu, asibiti ya kamata ta je, ba sabon kwali ba.

Idan kuma ya ce akwai alhali babu, wannan ya fi ƙaranci, kuma kusan kullum da dalili. Bayan ɓari ko haihuwa, hCG yakan ɗauki makonni kafin ya bar jiki. Shi ya sa ake cewa a yi gwaji mako uku bayan ɓari, idan har yanzu yana nuna ciki a koma wurin likita. Allurar neman haihuwa mai ɗauke da hCG, irin su Pregnyl da Ovidrel, tana iya nunawa a fitsari har kusan mako biyu. Wasu cututtukan mahaifa da na ƙwan mace, da irin cikin da mabiyiya ke tsiro ba jariri, su ma suna fitar da sinadarin. Wasu matan da suka kai shekarun ɗaukewar al'ada suna da ɗan kaɗan a jikinsu.

Amma wanda ya fi yaudarar mutane shi ne layin bushewa. An yi gwaji, ya nuna layi ɗaya, an jefar, bayan awa ɗaya an koma an ɗauko sai ga wani siririn layi mai toka-toka a wurin na biyu. Wannan sawun fitsari ne da ya bushe. Layin gaskiya yana da launi, ko da dishi-dishi ne, kuma yana fitowa cikin lokacin da takardar ta ce. Abin da ya bayyana bayan minti goma ba a lissafa shi.

Ƙwayoyin tazarar haihuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da maganin ciwon kai ba sa canza sakamako. Su kuma gwaje-gwajen da ke yawo a intanet na zuba fitsari a gishiri, sukari ko man goge baki, babu hCG ɗin da suke gani. Na haɗa fitsari da sinadarin farar da tufafi ma haɗari ne, domin yana tayar da hayaƙi mai ƙona ido da maƙogwaro.

Abu ɗaya da babu kayan gida da zai faɗa miki shi ne inda cikin ya zauna. Kusan ciki 1 zuwa 2 cikin 100 yana zama a wajen mahaifa, galibi a bututunta, kuma gwaji yakan nuna layi biyu kamar kowane ciki, wani lokaci dishi-dishi. Ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, zubar jini, ciwo a kan kafaɗa, jiri ko suma: duk wadda ta ga waɗannan tana zargin ciki, a kai ta asibiti nan take, ko me gwajin ya nuna.

Wanne ga wa

Idan al'adarki daidaitacciya ce kuma ranarta ta wuce da 'yan kwanaki ba ta zo ba, tsinke ko na ɗigawa ya ishe ki. Ki sayi biyu ko uku. Ya ce akwai, sai shirin fara awo da shan folik asid, wanda ake ba da shawarar maikrogiram 400 kullum tun kafin shigar ciki har zuwa mako na 12. Ya ce babu kuma al'ada ba ta zo ba, ki sake bayan kwana uku, sannan bayan mako.

Idan kina neman haihuwa kina gwaji kowane wata, tsinke da yawa ya fi miki, ki ajiye sanda ɗaya ko mai allo don tabbatarwa ranar da kika ga layi mai shakku. Sayen mai allo kowane wata ɓarnar kuɗi ce.

Idan akwai dalilin da ya sa dole ki sani da wuri, misali kina shan maganin da zai iya cutar da ciki, ko za a yi miki aiki ko hoton ƙashi, sandar gwajin wuri da fitsarin safe ita ce mafi kaifi a gida. Amma ki gaya wa likitan cewa kina zargin ciki ko da ta ce babu. Shi zai ga ko a yi na jini.

Idan al'adarki ba ta da tsayayyen lokaci, ko kina shayarwa ba ta dawo ba tukuna, ko kin bar allurar tazarar haihuwa kwanan nan, lissafin ɓatan wata ba zai yi miki aiki ba. Ki ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe da ba a yi kariya ba, sannan ki gwada da kowane iri. An sa kwanakin sun yi yawa haka ne saboda maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace kafin ƙwai ya fita, ga kwanakin maƙalewa, ga na taruwar sinadarin.

Idan idonki ba ya gani sosai, ko kin san fargaba za ta sa ki ga layin da babu shi, mai allo ya cancanci kuɗinsa, muddin kin jira ranar al'ada ta zo.

Idan kuma an yi miki allurar hCG ko dashen ƙwai, ko kin taɓa yin ciki a wajen mahaifa, ko kin yi ɓari a makonnin baya, ko gwaje-gwajen gida suna saɓa wa juna, to ki tsallake kayan gida ki je a yi miki na jini mai lamba, a maimaita bayan awa 48 idan likita ya ce a yi.